Ranar da Na Sa Kabidon Kofur

Kakana ya daɗe yana koya mani yadda za ni yi masa ba'a bayan ya mutu. Ba wasa nake ba. Sauran jikoki ana ba su tatsuniya da goriba, ni kuwa fareti aka koya mani a bayan rumbu, da muciya a kafaɗa a madadin bindiga.

Wanda bai san al'adar ba, ga ta a taƙaice, don ba ni da haƙurin dogon bayani. A wajenmu idan tsoho ya cika bayan ya ga jikoki, ranar sadakar bakwai jikokin sukan kwashi kayansa su sa. Ɗaya ya yi tafiyarsa, ya yi tarinsa, ya yi irin faɗansa a gaban masu zaman makoki, sauran su ƙwace ƙwaryar gumba su ce gadonsu ce. Mutane su yi dariya, masu kuka su haɗa biyun. Ba a yi wa yaro, ba a yi wa wanda ya tafi da ƙuruciyarsa. Sai wanda ya ci duniya ya ƙoshi ya wanke hannu. Shi ne wasan jika. Shi kakana yake so a yi masa, kuma ya ce ni za ni ja gaba.

Kofur ake ce masa a ƙauyenmu, can gefen Kurawa. Liman haka yake kiransa, yara haka, har kakata da muke ce wa Inna, idan ya ba ta haushi. Igiya biyu ya samo a yaƙin basasa, da ɗingishi a ƙafar hagu, da wani kabido mai kauri, doguwar rigar nan ta soja da ake sawa saboda ruwa da sanyi. Ban san yadda aka yi bai mayar wa gwamnati da shi ba. Idan aka tambaye shi sai ya ce su ma ba su mayar masa da ƙafarsa ba.

Yadda ya shiga soja kuwa magana biyu ce. Shi ya ce kishin ƙasa ne ya ɗebe shi. Inna ta ce ƙarya yake yi: cin rani ya tafi bayan girbi, ya tarar da layi ana raba takalma, ya bi layi. Lokacin ba a daɗe da kawo ta daga Alkalawa ba, ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba. Ya tafi a kan zai sayo mata zane, sai bayan an gama yaƙi ya dawo, ba zane, sai kabido. Ni maganar Inna na fi yarda da ita, don na san tsohon da son takalmi.

Labarin yaƙi ba ya ba da shi yadda yara suke so. Mu muna son harbi da ƙarar igwa, shi sai zancen abinci da ruwan sama. Wai can ruwa ba ya da kunya, ya kwana ya wuni yana zuba, ga ƙasa baƙa wuluk amma ba mai shuka gero ko ƙwaya. Wai ranar da aka sa masa dodon koɗi a miya ya ce gara a harbe shi ya huta.

Da ya dawo bai tsaya birni neman gadi ba kamar sauran 'yan mazan jiya. Gonar ubansa ya koma, ya mai da ita bariki. Ranar shuka shi ne a gaba da sungumi, yana sara yana tafiya, mu jikoki a baya cikin sahu, kowa da ƙoƙon iri: ka jefa, ka rufe da diddige, ka yi gaba. Wanda layinsa ya karkace sai ya ji tsawa, "Ajuwaya!" Wato ka koma baya ka sake. Na sha gaya masa gero bai damu da layi ba. Ya ce shi ya damu. Noma kuwa da hauya yake yi, doguwar nan da ake turawa a tsaye, wai shi ya gama duƙawa tun a ramin yaƙi.

Abokinsa na gaske ɗaya ne, wani Bafulatani da kowa ke ce wa Ardo. Duk shekara bayan an kwashe damman hatsi Ardo yakan sauke shanunsa a gonar, su ci kara su bar taki. Ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba. Daga nesa za su fara jifan juna da magana, sai bakinsu ya bushe sannan su zauna a kan ƙwaryar fura ɗaya.

Dalilin da ya sa ya zaɓe ni ba wani abin alfahari ba ne. Jikokinsa maza sun fi yawa, amma duk kunya ta cinye su. Ni ko tun ina ƙarama bakina ba linzami. Ina aji biyu a sakandare a Isa aka kama ni ina kwaikwayon wata malama, yadda take tura gilashi da ɗan yatsa tana cewa mu duka asarar alli ne. Aka ba ni lauje na yi ta yankan ciyawa. Babana ya ji, ransa ya ɓaci. Tsoho ya ji, ya aiko mani da dafaffen ƙwan zabi cikin tsumma, ya ce a gaya mani an ɗauke ni aiki. Daga ranar sunana ya koma Kurtu.

Duk hutun da na dawo, kafin in sauke akwati sai in ji muryarsa.

"Kurtu! Taho nan. Yi tahiyata in gani."

"Haba tsoho, ko ruwa ban sha ba. Kai hwa ba ka mutu ba tukuna."

"In na mutu wa za shi gyara maki? Ɗauki muciya."

Sai in ɗauka, in ja ƙafa, in zagaya rumbu. Yana zaune a kan turmi a kife, yana girgiza kai.

"Wagga tahiyar agwagwa ta. Ni harsashi yas same ni, ba ƙaya ba. Ɗaga kahwaɗa!"

"To ka yi ka mutu mana in huta."

"Ba ni mutuwa sai kin iya. In kina son gado, ki dage."

"Wane gado? Kabido da ƙwarƙwata?"

"Ƙwarƙwatar ma ta ga yaƙi. Ta hi ki daraja."

Inna daga gindin murhu sai ta ce, "Ku biyun Allah shi shirye ku. A ba ni muciyata, tuwo za shi kama."

Tarinsa ne ya fi ba ni wuya. Hawa biyu gare shi: ƙarami na share hanya, sannan babba mai kama da an tada tsohon injin niƙa. Na yi ta gwadawa har wata rana na yi shi a zaure, kaji suka watse, Inna ta miƙo kunu ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ga shi, Kofur." Ranar tsoho ya ce an ƙara mani girma. Sunan Kurtu dai bai cire ba.

Sau ɗaya na tambaye shi dalili. Lokacin tumu ne, muna gindin aduwa a gona, ya hura wuta yana gasa mana zangarniyar sabon gero. Na ce, "Wai tsoho, mi ya sa ka matsa da wanga wasa? Mutum in ya mutu mi za shi ji?"

Ya juya tumun a kan wuta.

"Akwai wani yaro Bayarabe cikinmu," ya ce. "Ran da yag ga tsagar huskata yac ce, 'Madalla, ga bawana ya iso.' Kin san Bagobiri da Bayarabe taubasai na. Nic ce mai, 'Kai ɗan mai barkono, ɗauki jakata.' Tun daga ran nan ba mu rabu ba. Kullum cewa shi kai in anka gama yaƙi za shi biyo ni Gobir, shi zauna inuwa in yi mai noma. Wata sahiya ana ruwa, shina gabana, shina tsokanata ma, sai yah hwaɗi. Da hular kwano munka tona mai rami. Ba wanka, ba likkahwani, sai bargo. Kahin mu gama anka ce a ci gaba. Ba wanda yay yi kuka, ina lokaci? Ko gemu bai yi ba, balle ɗa, balle jika. Irinai nawa munka baro cikin dajin can? Ni ko Allah ya maido ni, na ga ɗiya, na ga ɗiyan ɗiya. In kunka hito kuna yi mani ba'a, duk wanda yag gani ya san wanga gida yam mutu, ba daji ba."

Sai ya nuna wutar da baki. "Tumunki na ƙonewa, sakarya."

Mutum ɗaya ne bai yarda da wannan shiri ba, kuma shi ne mai iko da gidan idan tsoho ya kau: Baffa, yayan babana, ɗan farin tsoho. Kada a ce na ɓata shi, mutumin kirki ne. Shi yake goya tsoho a babur zuwa asibiti a Sabon Birni, shi yake yanke masa farce, shi yake tsame masa ƙashin kifi. Amma ya yi karatu a Sakkwato, ya dawo da tsayayyar magana: makoki kwana uku ne, a yi addu'a a tashi. Wasan jika kuwa ba ya cikin littafi.

Na taɓa ganin sun yi maganar a ƙofar gida. Baffa ya durƙusa ya ce, "Baba, abin da ka amfanin mamaci addu'a ta da sadaka. Wanga wasa a bar shi."

Tsoho bai dube shi ba. Wata akuya ce ɗaure a turke, ita ya juya wa. "Ke akuya, gaya ma malam addu'a ina so. Shi yi mani da yawa, na riƙa bindiga, ina da bukata. Amma ki tambaye shi, in yara sunka yi dariya, addu'ar zubewa ta kai?"

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Baba." Ya tashi. Kowa a cikinsu ya tafi yana ganin shi ya yi nasara, akuya ta ci gaba da tuƙa.

Shekarun nan da daji ya lalace, gonarsa ta nesa, ta wajen hanyar Burkusuma, ta gagara zuwa. Ya koma ta bayan gari kawai. Ya ce shi da ya yi yaƙi don ƙasa ta zauna ɗaya, ga shi gonarsa ta rabu biyu. Zuwan Ardo ma ya ja baya, don an fara yi wa duk mai sanda da goran nono kallon da bai dace ba. Tsoho ya ce wanda bai son ganin Ardo a gonarsa ya rufe idonsa, ai Allah ya yi masa marfi.

Daminar da na gama sakandare ciwon ya kama shi, gero ya kai gwiwa, an gama noman farko ana jiran maimai. Zazzaɓi ne da ƙirji. Baffa ya kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, ya dubi robar ya ce shi ba albasa ba ne da za a riƙa yi masa ban ruwa, a mai da shi gida. Aka mai da shi. Ya rame har kabidon ya fi shi auki, amma bakin yana nan. Na shiga gaishe shi da la'asar, ya kama hannuna ya ce, "Kurtu, ta hagu ce. Kar ki ba ni kunya." Na ce ya daina surutu ya sha magani.

Washegari da safe an kwana ana ruwa. Ya ce a jawo shi bakin ƙofa ya ji ƙamshin ƙasa. Inna ta kawo kunu, ya kurɓa ya ce tsamiya ba ta ji ba. Ta koma ta ƙara, ta dawo ta tarar ya cika, kansa jingine da ƙyaure. Da mata suka taru suna ba ta haƙuri, abin da ta fara cewa shi ne, "Har ya tahi bai bar ƙorahin kunu ba." Sannan ta fashe da kuka. Ni ma na yi, na yi har na ba kaina haushi.

Ranar uku aka yi addu'a, Baffa ya miƙe ya gode wa jama'a, ya ce an gama, kowa ya koma gonarsa. Sai dai ba a gama ba. 'Yan uwan Inna na Alkalawa sun aiko suna tafe ranar bakwai, haka na tsallaken iyaka, don hanya ba ta biyuwa yadda ake so. Tsofaffin mata kuwa har sun jiƙa gero. Wa ya isa ya hana tsohuwa daka? Baffa ya ce to, gumba sadaka ce, a yi. Wasa dai babu. Babana ya ce abin da Yaya ya faɗa shi ke nan.

Ban iya kwana-kwana ba. Na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa don kada a ce ban durƙusa ba.

"Baffa, alkawari na ɗauka."

"Alkawarin da ba shi kan hanya ba a cika shi, ɗiyata."

"Kai ma da kunnenka ka ji shi. Sau nawa yana hwaɗi?"

"Na ji." Ya tsura wa tafin hannunsa ido. "Da hannun ga na wanke shi. Na ga inda harsashin yas shiga, ban taɓa gani ba sai ran nan. Ba ni iya zama ina kallo a mai da shi abin dariya."

Na zo da amsa a kan littafi, na zo da amsa a kan al'ada. Shi kuwa ba waɗannan ya kawo ba. Na tashi na fita ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina jin haushin tsohon da ya mutu ya bar ni tsakani. Ɗakin tsoho kuma Baffa ya sa masa kwaɗo, don haka ko na so, kayan suna ciki.

Safiyar bakwai na kai wa Inna ruwa a ɗakin da take takaba. Tana zaune da carbi, ta yi tudu kamar kaza a kan ƙwai.

"Ke, ɗaga tabarmar ga," ta ce. "Wani abu na tokare ni."

Na ɗaga. Kabido, da hularsa, da takalman da suka kai shi yaƙi ko ƙannensu. Ashe tun ranar da ya cika ta kwashe su, kafin a kawo kwaɗo.

"Ni ban ba ki komi ba," ta ce, tana jan carbi. "Takaba ni kai."

"Inna, Baffa hwa?"

"Ni na haihe shi. Ba shi cin mutum."

Na tara jikoki a bayan rumbu. Manyan mazan nan masu gemu-gemu duk suka zame, wannan ciki na ciwo, wancan an aike shi. Ƙanana ne suka tsaya, na ba kowa karan dawa ya saɓa. Na manna gemun auduga da ƙaro. Na zana tsagar Gobirawa da gawayi tun daga gefen baki har kunne, tunda mu 'yan yanzu ba a yi mana. Na cusa tsumma a takalman don su zauna. Kabidon da na sa, warinsa ya buge ni: taba, da hayaƙi, da zufar shekaru. Saura kaɗan in zauna a ƙasa. Na ce wa kaina ba yanzu ba, na saɓa hauya na yi gaba.

Da hantsi ne. Maza sun cika tabarmi a inuwar bedi, darbejiyar nan ta ƙofar gida, ƙoren gumba jere a gaban liman. Na fito ta zaure, rundunata a baya. Magana ta ɗauke ɗif. Wani tsoho daga Alkalawa ya tsaya da goro a bakinsa. Na hangi babana ya sunkuyar da kai kamar ya ga kunama a tabarma. Baffa kuwa ya fara miƙewa, ya dafa ƙasa, bakinsa ya buɗe.

Sai wata murya daga ƙarshen tabarma: "Kofur! An ce mani ka mutu, ashe ƙarya ta!"

Ardo ne. Ban san ya iso ba. Da ƙafa ya taho tun asuba, da goran nono a hannu, duk da masu cewa ba zai zo ba. Ya dogara sandarsa ya tako har gabana, ya ƙare mani kallo sama da ƙasa.

"Amma mi yas samu ƙahwarka? Da ta hagu ka ka ja, yau ga ka da ta dama."

Na duba. Wallahi ta dama nake ja. Duk shekarun nan na bayan rumbu, tsoro ya juye mani ƙafa a fitowar farko. Ban san lokacin da tarin ya zo ba, ƙaramin, sannan babban. Na ce da muryar tsoho, "Gwada ka ni kai, Bahillace, in ga ko idon na gani. Ajuwaya!" Na juya, na koma bakin zaure, yara suka juya suna karo da juna, na sake fitowa ina jan ta hagu, kafaɗa a ɗage.

Wanda ya fara fashewa tsohon Alkalawa ne, har goron ya yi tsalle. Daga nan wurin ya ɓarke. Baffa yana tsaye, amma Ardo abokin ubansa ne, ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma baƙo ne da ya taka doguwar hanya. Ba a katse irinsa yana magana. Ardo ya san haka sarai, shi ya sa bai bar maganar ta faɗi ƙasa ba.

"Kai Bagobiri, har yanzu kana taƙama? Ku da munka kora daga Alkalawa?"

Wannan na sha jin amsarta. "Kun kore mu, kunka rasa mai noma maku hatsi, kunka biyo mu da ƙwarya!"

"Bana shanuna na shiga gonarka ko kana so ko ba ka so."

"Shanu? Waɗanga ƙasussan? Bara takin da sunka bari ko tukunyar taba bai cika ba."

"Mutum da ƙahwa guda da rabi ka raina masu huɗu!"

Mata sun leƙo ta saman danga, wasu sun hau turmi. Na bi sahu ina duba zaman mutane, ina cewa layinsu ya karkace. Na ɗanɗani gumba na ce tsamiya ba ta ji ba, duk da ba a sa wa gumba tsamiya. Yara suka ji haka suka yar da kara suka auka wa ƙoren, liman ya janye ƙafafunsa yana dariya a cikin hannun riga. Ardo yana yi har da riƙe ciki, sai na ga ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, ba a san wanne yake yi ba.

Saura Baffa. Yana nan tsaye a bakin zaure, bai yi dariya ba, bai hana ba, kuma dole ta gabansa za ni wuce in koma ciki. Abin da na yi a nan ba ya cikin abin da aka koya mani. Tsoho bai taɓa kiran sunan Baffa ba, kunyar ɗan fari. Idan zai yi masa magana sai ya kau da kai gefe ya ce, "Kai, wancan." Na tsaya daidai shi, na kau da kai, na dubi rumbu.

"Kai, wancan. Ciyawa ta san ana makoki? An shiga maimai?"

"Na'am, Baba. Gobe in Allah ya..."

Amsar ta kuɓuce wa Baffa kafin ya tare ta. Ya tsaya da sauran maganar a baki. Ya dube ni, gemun auduga ya ɓalle gefe guda, gawayi ya bi zufa ya gangaro har wuya. Sai ya sa hannun rigarsa ya rufe ido, ya juya ya shige zaure. A nan ba wanda ya yi dariya. Liman ne ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi jiƙan Kofur, shi gahwarta mai." Aka ce amin, amin mai ƙarfi, irin wanda ban ji ba ranar uku. Can gefe yara biyu suka fara kokawa a kan curin gumba, surutu ya dawo.

Na shiga ɗakin Inna na tuɓe. Jikina duk ya yi ƙuraje saboda zafi, auduga ta ƙi fita daga haɓata sai da ruwan ɗumi. Na tambaye ta ko ta ji. Ta ce ita takaba take yi, ba ta ji komai ba, amma tarin na biyu na yi gaggawa.

Har yau Baffa bai ce na yi daidai ba, kuma na san ba zai ce ba. Ya ce idan shi ya mutu duk jikan da ya taɓa rigarsa bai yafe ba. Wannan tsakaninsa da jikokinsa, ni nawa na gama. Ranar dai da la'asar, bayan baƙi sun watse, ina tsakar gida ina ƙoƙarin ninke kabidon, ya zo wucewa da buta. Bai dube ni ba. Ya ɗan dakata ya ce, "A shanya shi kahin a ninke. Zuhwa na ɓata shi."

Na shanya shi a kan danga.